Jinina Aka Auna, Yayana Ke Shan Maganin

Malama mai wannan fili,

Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma in da hali kada wasiƙata ta bi layi, domin abin da ke gabana ba ya jira. Na gaji. Gajiyar aiki na san ta, in na miƙe ƙafa na sha ruwa takan sake ni. Wannan kuwa ta ƙi saki, da ita nake tashi, da ita nake buɗe shago. Ban taɓa rubuta wa jarida ba, in kin ga magana ta hau kan magana ki yi haƙuri, haka take a cikin kaina.

Ni mai gyaran firji ne da na'urar sanyaya ɗaki. Shekaruna arba'in da huɗu, ina da mata da 'ya'ya uku. Shago ɗaya muke da yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, ya girme ni da shekara tara. Mahaifinmu ya rasu ina aji huɗu na firamare, Yaya ne ya ɗauke ni, ya ciyar da ni, ya koya mini riƙe filaya, shi ya tsaya mini har na yi aure. Shekara ashirin da bakwai ke nan muna buɗe ƙofa ɗaya, kuma ban tuna ranar da ya ce mini yi na ce a'a ba. Muna kama sosai, sai dai ya fi ni jiki da murya. A layinmu Injiniya ake ce masa, ni kuma Ƙanin Injiniya. Matarsa ma Ɗan Aike take kirana don tsokana, kuma ban taɓa jin haushi ba, ai gaskiya ta faɗa.

Ki san irin mutumin da nake magana a kai. Yaya yakan taɓa waya da bayan yatsa ya gaya maka ko akwai wuta. Yakan hau tsani hawa uku da kwamfuresa, injin na'urar sanyi, a kafaɗa yana waƙa. Gas kuwa ba ya duban agogon awo in zai zuba, sai ya kama bututun da hannu, ya ji sanyinsa, ya ce ya isa, kuma ya isa ɗin. Amma wannan ƙaton mutum ba ya iya ganin allura ta nufo jijiyarsa. Tun yana yaro haka yake, kuma duk duniya ni kaɗai na sani. Matarsa ta shekara ashirin da biyu ba ta sani ba.

Wata biyar da suka wuce ƙafarsa ta hagu ta kumbura, ta yi zafi, har ya kasa sa takalmi. Aka kwantar da shi kwana tara, aka ce jini ne ya daskare a jijiya, kuma da ya gudu zuwa huhu da sai dai labari. A gadon asibiti ciwo ya fi ƙarfin tsoro, yana juya fuska bango a yi abin da za a yi. Da za a sallame shi, likitarsa, wata mata mai haƙuri da ba ta ɗaga murya, ta ɗora shi a kan maganin tsinka jini, ƙwaya ɗaya kullum. Ta ce dole ya riƙa zuwa ɗakin gwaji ana ɗibar jininsa ana dubawa, domin maganin in ya yi kaɗan jini ya sake daskarewa, in ya yi yawa jini ya ƙi tsayawa.

Zuwan farko tare muka je. Ɗakin gwajin yana can ƙarshen baranda, benci uku, taga ɗaya, da labule da bai kai ƙasa ba. Aka kira shi, ya shiga, ya naɗe hannun riga kamar jarumi. Ko sokawa ba a yi ba, robar nan kawai aka ɗaura masa a dantse, sai na ji rim. Na same shi a ƙasa, idanu sun juye, ƙafafunsa sun fito ta ƙarƙashin labule kowa na gani. Wata tsohuwa ta zo tana masa fifita da katinta tana cewa sannu ɗan yaro, mutanen benci suna danne dariya. Da ya farfaɗo muka dawo shago. Sai da ya zauna ya ce in dai wannan ɗakin ne, shi da shi har abada, kuma in wani ya ji abin da ya faru to daga bakina ya fita.

Gwaji uku ya tsallake, kowanne da dalilinsa. Yau ɗakin sanyin masu kifi ya tsaya, gobe wani otel ya kira. Wurin likitar kuwa yana zuwa, domin can hira ce kawai da awon hawan jini, ba allura. Da ta ga takardun gwaji ba sa zuwa, ƙafar kuma tana ɗan yin nauyi, sai ta ce ba ta son ta riƙa auna masa magani a makance. Ta ce akwai wani sabon gwaji da ake yi sau ɗaya a rayuwa, ana duba ƙwayoyin halittar da mutum ya gada, a gane ko jikinsa mai buƙatar maganin da yawa ne ko kaɗan, sai a yanka masa daidai shi. Ta rubuta takarda, ta ce a ɗebi jini sau ɗaya a yi wannan da wancan na kullum tare.

Muna fitowa Yaya ya miƙo mini takardar da katinsa. Ya ce ai na ji da kunnena, abin da aka gada za a duba, shi da ni kuwa wa muka gada in ba mutum biyu ɗin nan ba. Ciki ɗaya, nono ɗaya, har ciwon kai lokaci ɗaya yake kama mu. Malama, ba zan yi miki ƙarya in ce tilasta ni ya yi ba. Maganar ta shige ni. Kuma ba sabon abu ba ne a wurinmu. Ni nake karɓo masa magani, ni nake bin layi in an kira sunansa in amsa, ni ko kati ban taɓa buɗewa a asibitin ba, in zazzaɓi ya kama ni da nasa nake zuwa. Katin ba hoto. Matar taga ta tambayi ranar haihuwa, na faɗi tasa ba tare da na yi tunani ba, domin na fi saninta da tawa. Aka cika kwalba biyu da jinina, aka manna sunansa, na dawo shago na ci gaba da walda.

Bayan kwana biyu sakamakon kwalba ɗaya ya fito. Likita ta kira Yaya ta tambaye shi tsakaninsa da Allah ko yana shan maganin, domin jininsa ya nuna kamar bai taɓa haɗiyar ko ƙwaya ɗaya ba. Ya rantse yana sha, kuma gaskiya ya faɗa. Sai ta ƙara masa rabin ƙwaya. Bayan mako uku sakamakon gwajin ƙwayoyin halittar ya fito, ya ce wannan jiki yana cikin masu buƙatar fiye da abin da aka saba bayarwa. Ranar ina wurin. Na ga fuskar matar nan ta washe kamar wadda ta tsinci abin da ta daɗe tana nema. Ta ce yanzu ta gane, ba laifinsa ba ne, halittarsa ce haka, har ta ba shi haƙuri a kan zargin da ta yi masa. Wannan haƙurin da ta bayar har yau yana ci mini rai. Ta sake rubuta takardar gwaji, Yaya ya sake miƙo mini a baranda. A karo na biyun nan zuciyata ta ɗan ja, ba zan ɓoye ba, amma na je. Jinina, da bai san maganin ba, ya sake nuna babu komai. Ta mayar da shi ƙwaya biyu.

Wadda ta buɗe mini ido ita ce mai ba da magani a tagar asibitin. Da na je karɓa ta dubi takardar, ta dube ni, ta ce wannan awo babba ne, an yi shi ne don jikin mai katin shi kaɗai. Ta ce ko tagwaye ne in ba masu kama ɗaya sak ba kada wani ya taɓa na wani, domin abin da ya zama daidai ga wannan yana iya sa wancan zubar jini ta ciki ba a gani. Ta kuma ce gwajin da ake maimaitawa maganin da ke cikin jinin mai sha yake nunawa. Ta faɗa ne kawai irin faɗar aiki, ta kira na gaba. Ni kuwa na fito na zauna a kan dakalin bakin ƙofa riƙe da ledar maganin.

Daga nan na fara ganin abin da da nake kallo ban gani ba. In ya goge baki a famfon bayan shago, abin da yake tofarwa ja ne. Dantsensa duk shaida ce baƙi baƙi, ya ce ƙofar firiza ce ta buge shi, alhali shekara nawa tana bugunsa ba ta bar komai ba. Makon jiya gefen kwano ya ɗan yanke shi a babban yatsa, yankan da da sai ya tsotse ya ci gaba da aiki. Tsumma uku muka jiƙa, kusan awa ɗaya kafin ya tsaya. Shekaranjiya kuma yana kan tsani hanci ya ɓalle masa, jini na ɗiga a kan rigar aiki, ni ina ƙasa riƙe da tsanin ina kallo.

Na yi masa magana, abin da ban taɓa yi ba. Na rufe shago na gaya masa duk abin da mai ba da magani ta ce. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ya ce shi ya san jikinsa, kuma ya riga ya samo dabara. Ranar da ya ga jini a baki sai ya sha ɗaya, ranar da ƙafa ta yi nauyi ya sha biyu, in abin tsaka tsaki ne ya karya ƙwaya da filaya. Wai kamar yadda yake jin gas da hannu. Na ce Yaya jini ba bututu ba ne. Ya ce in na kuskura na je wurin likitar, ko na gaya wa matarsa, to in nemi wani shago da wani yaya. Ya ce gara ya mutu da mutuncinsa da a ce Injiniya tsoron allura ya sa shi ya tura ƙaninsa. Bai ɗaga murya ba, kuma shi ya fi tsorata ni.

Yanzu ga inda nake. Takarda ta uku tana aljihuna, ranar Alhamis za a yi gwajin, kwana shida ke nan. Ya ce in je, wannan karon kawai, daga nan zai san yadda zai yi. In na je, jinina zai sake cewa babu magani, ta sake ƙarawa. In na ƙi zuwa na yi shiru, yana nan yana karya ƙwaya da filaya. In na faɗa, na tona asirin mutumin da ya rufa mini nawa tun ina da shekara goma, kuma ban san ko asibitin za su kore mu ba, ko ma laifi ne da ake kama mutum a kai. Matarsa kullum tana sa mini albarka, wai ni ne ƙanin da ke raka yayansa asibiti ba gajiyawa. Tawa matar ta ga na rame tana tambaya, ina cewa zafi ne. Na yi tunanin in je in tambayi wani likita a wani wuri kamar labarin wani ne. Na yi tunanin in ɓoye maganin. Na yi tunanin in rubuta wa likitar takarda ba suna. Kowanne na ɗauka sai in ajiye.

Ban san ma me nake so ki ce ba. Wataƙila so nake wani ya gaya mini akwai hanyar da zai tsira ba tare da ya san ni na faɗa ba. In akwai, ki nuna mini. Na sa lambar wayata a ƙasa, kada a buga ta.

Ƙanin Mai Gyaran Sanyi


Amsa

Ɗan uwana,

Wasiƙarka ba ta bi layi ba. Ranar da ta iso na tura maka saƙo a lambar da ka bari, na kuma kira sau biyu ba ka ɗauka ba. Ina fatan hakan na nufin kana asibiti ne. In kuwa kana nan kana juya takarda a aljihu, ga abin da na rubuta maka, zan maimaita shi a nan don kai da duk wanda ya taɓa miƙa hannu a madadin wani.

Kada ka jira Alhamis. Yau, kafin yayanka ya haɗiyi ƙwaya ta gaba, likitarsa ta san cewa jinin da aka auna sau biyu ba nasa ba ne. Ni ba likita ba ce, don haka na karanta wa wata likita da na amince da ita wasiƙarka ba tare da lambarka ba, kuma ba ta bari na kai ƙarshe ba. Ta ce jini a dasashi, da shaida a jiki, da yankan da ya ƙi tsayawa, da haɓo, ga mutumin da aka ninka wa wannan magani a kan gwajin wani, abu ne na a gan shi yau. Ta ce kada ka ɓoye maganin, kada kuma ku tsayar da shi da kanku, domin daskarewar da ta kwantar da shi tana iya dawowa. Wanda zai ce a rage ko a dakata shi ne wanda ya ga jinin yayanka na gaskiya. In ba a sami likitarsa ba, ku shiga sashen gaggawa da kwalin maganin a hannu. In ya yi ciwon kai mai tsanani, ko bayan gidansa ya yi baƙi, ko fitsari ya yi ja, ko ya yi aman jini, ko ya faɗi ya bugi kai komai ƙanƙantar bugun, ba shawara kuma, a ɗauke shi. Kuma daga yau ba shi ba tsani har sai an daidaita shi.

Ka tambaya ko akwai hanyar da zai tsira bai san kai ka faɗa ba. Babu. Mutum biyu ne suka san zancen, ko takarda marar suna ka aika zai gane hannunka. Ka daina neman wannan ƙofar, ita ce ta cinye maka kwanakin da ka yi kana ɗauka kana ajiyewa.

Ban ɗauke ka mugu ba, ban kuma ɗauki yayanka wawa ba. Kuskuren farko kuskure ne da mutane da yawa masu hankali za su iya yi. An ce muku gado za a duba, ku kuwa iyayenku ɗaya. Sai dai 'yan uwa ba sa kwasar abu ɗaya daga iyaye. Kowane ɗa yana ɗaukar rabi daga uwa, rabi daga uba, amma rabin da ya faɗo maka ba lallai shi ya faɗo wa yayanka ba. Masu iya magana da suka ce ɗan uwa rabin jiki, rabi suka ce. Kuna iya kama a fuska har mai taga ta ruɗe, jikinka ya zama mai buƙatar maganin da yawa, nasa ya zama wanda kaɗan ke isa. Amfanin wannan sabon gwaji ke nan, kuma haɗarinsa ke nan. Likita takan yarda da shi ta bar taka tsantsan ɗin da za ta yi da ba ta da shi. Zuwa na biyu kuwa kai ma ka ce zuciyarka ta ja. Wannan naka ne, ka ɗauka, ka faɗe shi yadda yake in an tambaye ka. Na uku ba za a yi shi ba.

Shi ma yayanka a ba shi haƙƙinsa. Suma don ganin allura ba ragwanta ba ce, jiki ne ke yin abinsa ba tare da ya nemi izini ba, kuma ma'aikatan ɗakin gwaji suna ganin ƙarti irinsa suna zubewa. An yi masa dariya a gaban mutane, abin ya yi masa ciwo, kuma namijin da ya saba a kira shi in abu ya gagara ba ya son a gan shi a ƙasa. Na fahimci wannan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ya ɗora maka zaɓi tsakanin ransa da zumuncinku. Riƙon da ya yi maka kana maraya alheri ne, ba za a mayar da shi igiyar da za a ɗaure bakinka kana kallon jininsa na zuba ba. Dabarar karya ƙwaya kuwa, ka gaya wa likitar ita ma, da yawan kwanakin da ya yi yana yi, domin tana buƙatar sanin abin da ya sha a zahiri.

Ga yadda nake ganin za ka yi. Ka same shi shi kaɗai, ka ce masa yau za ka je wurin likitar, kuma kana so ku je tare ya faɗa da bakinsa. Sanarwa ce, ba neman izini ba, kuma kada ka tsaya musu, ya fi ka iya magana. In ya tashi, alhamdu lillahi. In ya ƙi, ka tafi kai kaɗai, ka roƙi likitar ta kira shi da kanta a lokacin. In har ita ma ya ƙi jinta, to matarsa ta sani a ranar, domin ita ce ke kusa da shi sa'ad da ba ka nan, kuma ba za ta iya lura da abin da ba a gaya mata ba. Mace da ta zauna da mutum shekara ashirin da biyu, ba na jin tsoron allura ne zai rage masa daraja a idonta. Taka matar ma ka daina ce mata zafi ne.

Asirinsa ba sai ya bazu ba. Abin da aka faɗa a ɗakin likita amana ce a wurinta. Ka roƙa a ɗebi jinin a ɗaki rufe, yana kwance, fuska a juye, ka kuma tambaya ko suna da na'urar da ke yin gwajin da ɗigo ɗaya daga yatsa. Tsoron kora ko hukunci kuma, ba zan yi maka alkawarin abin da ban sani ba, kowane asibiti da ƙa'idarsa. Za ta ji zafi, wataƙila ta yi faɗa, kuma tana da gaskiya. Amma likitar da ta iya ba majiyyaci haƙuri don ta zarge shi, aikinta na farko shi ne ta gyara awon. Ka nemi a cire sakamakon nan uku daga fayil ɗinsa, domin in suka zauna a can, wani likita bayan shekara goma zai karanta ya gaskata. Kai kuma ka buɗe naka katin.

Zai yi fushi, kada ka yaudari kanka. Yana iya yin mako ko wata bai kalle ka ba a shagon da kuke gogayyar kafaɗa, yana iya cika maganarsa ya ce ka fita. Zai yi maka ciwo ƙwarai, kuma ban san ranar da zai huce ba. Amma mai rai ne ke hucewa. Shekara ashirin da bakwai kana ce masa to, kuma kusan kullum daidai ne. Wannan karon ƙanin kirki shi ne wanda zai ce a'a, ya kai shi ɗakin nan da ya rantse ba zai koma ba, ya tsaya a kansa, in ya suma ya riƙe shi har ya farfaɗo.

Allah ya ba yayanka lafiya, ya sanyaya zuciyarsa a kanka, kai kuma ya sauke maka wannan gajiya. Yanzu ajiye jaridar ka tafi.